Matakalar da Na Yi wa Sababi

Tun da muka dawo daga Maraɗi da motar nan ban huta ba. Duk wanda ya kawo mini garma ko ƙofa in yi masa walda sai ya ja benci ya zauna, wai in ba shi labarin yadda mutum uku da kare ɗaya suka ƙetare iyaka don su sayo wa karnuka mota. Mamman, abokin tafiyarmu, kuwa ya riga ni kaiwa bakin kasuwa da nasa labarin, wanda a cikinsa shi ne gwani, ni kuma mayunwaci. To ga nawa a rubuce, kowa ya karanta ya bar ni in yi aikina.

Ni ba mafarauci ba ne. Sunana Lawal, na daɗe ina tuƙin mota kafin in koma walda a Batsari. Aure ne ya haɗa ni da farauta. Matata Binta 'yar Sarkin Dawa ce, tsohon da mafarautan Batsari da na Safana suke bi. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, suruki ne, Baba nake ce masa.

Tun da dajinmu na yamma ya fi ƙarfin mai kare da sanda ya koma hannun masu bindiga, farauta ta koma nesa, can gabas, tafiyar rabin yini a mota. Direbobin haya ba sa son kare. Wanda ya yarda ma sai ka ga doguwar mota ce, matasa su ɗare, a miƙa musu karnuka. Baba kuwa gwiwa ta ƙi. Kada wani ya ce ai sai ya zauna a gaba. Sarkin Dawa ba ya zama kusa da direba, a baya yake zama tsakiyar karnuka, nasa karen a jikin ƙafarsa, da ƙahonsa na busa a wuya. Shekara uku ke nan bai je ba. Ya rame, ya rage magana, ƙahon yana rataye a zaure.

Da mafarauta suka haɗa kai za su sayi motarsu ta kansu, sai aka ce Baba ya je ya zaɓo, Mamman na ƙauyen Babban Duhu ya tsaya wa mutanen Safana, ni kuma in duba inji. An ji labarin wani Alhaji a Maraɗi da ya daina jigila zai sayar da motocinsa, masu lambar Najeriya.

Da safen da za mu tashi, Binta ta tare ni a bakin ɗaki.

"Malam, abu guda nika roƙo. Ka zaɓo wadda Baba ba ya iya hawa."

Na ce, "Binta, mi kika ce?"

"Ka ji ni sarai. Gwiwa babu, ƙirji babu, hanya kuma ka san yadda take. Gara shi zauna zaure shi yi ta fushi ina kai mashi fura, da a kawo mani shi kwance. Kai ne masanin mota, abin da ka ce shi za a yi."

Ban ce e ba, ban ce a'a ba. Amma ta san ni, ta san shirun nan nawa alkawari ne.

A tashar Batsari aka fara. Baba ya zo da Sababi, tsohon karensa, baƙi, kunne ɗaya a yage, bakinsa ya yi furfura. A zamaninsa an ce ba a sakin kowane kare sai an sake shi. Yanzu kuwa in ya kwanta sai an yi masa magana sau biyu kafin ya tashi. Direban ƙaramar mota ya ce a sa shi a but, wurin kaya. Baba ya ce, "To, a gyara mani wuri nan kusa da shi." Direba ya ce ya yafe. A ƙarshe wata a-kori-kura da ta sauke buhuna za ta koma Katsina ta ɗauke mu. Na lura yadda Baba ya hau ta. Ya zauna a bakinta, ya ɗaga ƙafa ɗaya da hannu, ya ɗaga ɗayar, shi ke nan. Mota gajeruwa ba ta gagare shi ba.

Ta Katsina muka zagaya zuwa Jibiya, don gajeruwar hanya ba wanda zai ba ka shawarar binta. A nan ne wahalata ta soma. Duk wanda ya taɓa tafiya da surukinsa ya san abin da nake nufi. Ba ka cin abinci a gabansa. Mamman ya sayo shinkafa da wake da mai da yaji, suka zauna a inuwa shi da Baba. Baba ya ce, "Lawal, bismilla." Na ce na ƙoshi. Mamman ya dube ni ya ce, "Allah sarki, tun asuba ƙoshin nan bai sake ka ba?" Na zagaya bayan wani shago na sayi ƙosai ina turawa da sauri, sai na ji numfashi a gwiwata. Sababi ne. Ya bar maigidansa ya biyo ni, ya zauna yana kaɗa wutsiya inda kowa zai hango shi. Mamman ya ɗaga murya, "Baba, hancin karen nan bai mutu ba, ya gano inda ƙoshi yake."

A iyaka na ɗauka kare ne zai tsayar da mu. Ashe Baba ya riga ya kai shi wurin likitan dabbobi, an yi masa allura, an ba shi kati mai hatimi, ya naɗe a leda cikin aljihu. Jami'in can ɓangaren ya duba ya ce kare ya wuce. Na Mamman ne ya zama magana, don katin shaidarsa ya sha wanki a aljihun riga har hoton ya koma kamar na kakansa. Jami'in ya dubi hoto, ya dubi Mamman, ya ce, "Wanga kai ne, ko wanda ya haihe ka?" Muka zauna a benci kusan awa ɗaya ana tambayarsa sunan mai garinsu da na limaminsu. Sababi yana can ƙasar Nijar a kwance yana jiranmu.

Mutanen Maraɗi 'yan'uwanmu ne, Katsinawa ne kamar mu, sai dai Faransanci ya shiga bakinsu kamar yadda Turanci ya shiga namu. Babbar mota kamyo ce, direba shofer, malamin makaranta mushe. Burodinsu dogo ne mai tauri, Mamman ya ɗaga ɗaya ya ce da wannan zai iya kayar da zomo. Shayinsu kuwa a ɗan kofi kamar na magani, sau uku, ga ɗaci ga zaƙi, kuma ba madara. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsakar rana. Da an yi azahar sai gari ya kwanta. Mai shago ya ja ƙofa, bakanike ya shige ƙarƙashin mota ba don gyara ba. A Batsari in ka yi haka sai a zo dubiya.

Alhaji Isuhu, mai motocin, ya sauke mu a zaurensa. Mutum ne mai fara'a da ƙaton tumbi, ya sa aka kawo tuwon gero da miyar kuka da fura mai sanyi. Na ce ni a waje zan riƙa kwana saboda zafi. Zafi kam akwai, amma gaskiyar ita ce ba zan miƙe ƙafa a ɗaki ɗaya da Baba ba. Abincina kuma na roƙa a riƙa ajiye mini a rumfar bayan gida inda motocin suke.

Da gari ya waye aka shiga duba motoci. Guda biyar ne. Baba ya ce a bar Sababi ya hau kowace ya shinshina. Alhaji ya ja da baya.

"Kare bisa motata? Subhanallahi! In kunka saya ku ɗora mashi rawani ma, amma yanzu a'a."

Baba bai yi gardama ba. Ya ce, "Mamman, hau ka ɗebo mani ƙasar cikinta." Mamman ya hau ta farko, ya kankaro dattin da ke lungun bodi ya miƙo. Baba ya kai hanci, ya zubar.

"Fetur ta ɗauka."

Alhaji ya ce, "An wanke ta hwa!"

"An wanke ma mutum. Kare in ya yi rabin yini cikin wannan, ko gafiya ta hau mashi kai ba ya jin ta."

Ta biyu tattasai da barkono. Ta uku busasshen kifi, Baba ya ce wannan karnuka za su isa daji suna lasar ƙasa. Kafin a gama, bakanikai da 'yan kabu-kabu sun taru suna kallon tsoho daga Najeriya yana sayen mota da hanci. Wani ya ce shekara nawa yana wannan harka bai taɓa ganin wanda bai tambayi inji ba. Mamman ya nuna ni ya ce, "Ga na inji nan, mu na wari ne."

Biyu suka tsira. Wata a-kori-kura gajeruwa da ta yi dakon gero, da wata babbar mota kanta, fara, doguwa, da ta yi dakon harawa. Bakin bodin kantar ya kai mini ƙirji. Na ga yadda Baba yake shafa gefen a-kori-kurar, na kuma san dalilin da ya sa tun farko bai hau ko ɗaya da kansa ba.

Na tayar da su duka biyun. Na saurari inji, na leƙa ƙasa, na taɓa hayaƙi. Tsakani da Allah kantar ta fi lafiya, kuma ta fi ɗaukar mutane. Amma a-kori-kurar ma ba abin da ke damunta da ya wuce gyaran kwana ɗaya. Na miƙe, na goge hannu, na ce injinta ya gaji, ba za ta kai mu Katsina ba. Na ƙara da giya, na ƙara da birki. Bakaniken Alhaji ya buɗe baki zai yi magana, ya tuna kantar ta fi tsada, ya rufe.

Baba ya dubi a-kori-kurar, ya dubi kantar tun daga taya har sama. Ya ce, "Kai ne masani, Lawal. Abin da ka ce shi ne." Da ya yi mini musu da na fi jin daɗi. Aka yi ciniki, aka tafa, kanta ta zama ta mafarauta.

Ranar da tsakar rana gari ya kwanta kamar yadda ya saba. Na lallaɓa rumfar baya, na zauna a bayan wasu tsofaffin tayoyi na buɗe kwanon dambu. Ban kai loma uku ba sai na ji takun sanda. Baba ne, shi da Sababi. Ya duba hagu ya duba dama, bai gan ni ba. Ya jingine sandarsa, ya naɗe riga, ya kama bakin bodin kantar da hannu biyu, ya ɗora ƙafa a kan taya. Ya ja jiki. Ya tashi kamar taki ɗaya daga ƙasa, gwiwar ta ƙi, ya sauko. Ya huta. Ya sake. A na uku ƙafar ta zame ya bugi ƙarfe da ƙwauri, ya zauna a ƙasa daɓas. Sababi ya zo ya sa kai a cinyarsa.

Na ji abin da ya ce masa, don rumfar shiru take. Ya ce, "To, Sababi, mun sayo ma yara mota."

Ya daɗe a zaune. Sannan ya kama taya ya miƙe, ya kakkaɓe riga, ya ɗauki sandarsa ya koma zaure. Ni kuwa na rufe kwanon dambun. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Da na fito na kama shi, da na kunyata shi har abada. Da na je na ce Baba na yi maka ƙarya kan inji, ba maganar da suruki zai iya yi ba ce, kuma ciniki ya riga ya faɗa. Ga kuma Binta, wadda ba mugunta ta sa ta ba, tsoro ne, kuma tsoron nata yana da dalili.

Dama an shirya za mu gyara bodin a can kafin mu taso, don ƙarfe da katako sun fi sauƙin samu. Wani mai walda, Abdu, ya ba ni aron wuri da na'ura. Baba ya zauna a kujera yana ba da umarni. Ƙasan bodi a shimfiɗa katako, don ƙarfe in ya sha ranar bazara yana ƙona tafin kare, ya isa daji yana ɗingishi. Sama a yi rumfa a ɗaura zana, ba tamfol ba, iska ta riƙa shiga. Salansa a karkatar da ita gefe, kada hayaƙi ya koma hancinsu. Durom na ruwa a lungu. Ƙugiyoyi na rataye nama a sama inda baki ba zai kai ba. Tsakiya kuma a raba da raga, karnukan Batsari gefe, na Safana gefe. Mamman ya ce a ƙara raga ta biyu saboda masu karnukan, don su suka fi cizo.

Abdu yana ta girgiza kai. Ya ce, "Mu nan mutum muka yi ma rumhwa, ku kare. Lalle Najeriya da girma take."

Kwana biyu muka yi a kai. A rana ta uku da safe, Baba da Mamman sun tafi kasuwa neman igiya da zana, na ɗauko sauran ƙarfe na yanka. Na yi matakala mai hawa huɗu, mai faɗi, gajerun taki, wadda ake naɗewa a ɗaure a bayan mota. Na shimfiɗa mata katako. Na tsaya na dube ta, na tuna yadda ƙafar nan ta zame, sai na lanƙwasa bututu na yi mata abin riƙewa a gefen dama.

Da suka dawo Mamman ya fara gani. "Wannan fa?"

Na ce, ina kallon ƙasa, "Ta Sababi ce. Ya tsufa, ba ya iya tsalle."

Mamman ya dubi abin riƙewar, ya buɗe baki. Ban taɓa ganin Mamman ya haɗiye magana ba sai ranar. Ya juya ya shiga yi wa Abdu tambaya a kan farashin ƙusa.

Baba ya zagaya matakalar sau ɗaya. Ya taɓa waldar da yatsa. Ya ce, "Ka yi tunani, Lawal. Dabba ma tana da hakki." Ya yi fito, Sababi ya tako a hankali, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya shige ya kwanta a kan katako. Baba ya ce bari ya duba ko kare ya ji daɗin wurin. Ya kama bututun. Ni na sunkuya ina neman abin da ban yar ba, Mamman yana kallon sama, Abdu ya juya baya. Da na ɗago, Baba yana zaune a tsakiyar bodi, hannunsa a kan karensa, yana kallon titi daga sama.

Haka ya zauna har Batsari. Na roƙe shi ya dawo gaba saboda rana, ya ce a'a, yana gwada rumfa. A iyaka jami'in nan ya gane mu, ya leƙa ya ce kare ya samu kamyo, saura Mamman ya samu hoto. A Jibiya kuwa da aka tsaya cin abinci, Baba ya ce shi a sama zai ci, ni in shiga gaba in rufe ƙofa, kada ƙoshi ya kashe ni a hanya.

Mun shigo gari bayan la'asar. Mafarauta sun taru, yara suna bin mota, kowa yana taɓa raga da ƙugiya. Binta ba ta fito ba sai da mutane suka watse aka kai motar ƙofar gidana. Ta fito da mayafi, ta dubi tsawon kantar, na ga hankalinta ya kwanta. Sai ta zagaya baya. Ta daɗe a can.

"Malam, wannan ta wa ce?"

"Ta Sababi."

"Sababi." Ta ɗora hannu a kan bututun. "Yaushe Sababi ya yi hannu?"

Na so in gaya mata abin da na gani a rumfar Alhaji, amma wannan sirrin mahaifinta ne, ba nawa ba, kuma ko a nan da na rubuta shi sai da na yi ta jinkiri. Kwana huɗu tuwona yana zuwa ba gaisuwa.

Ran Asabar bayan sallar asuba aka yi fitar farko. An ce za a nemo direba, ba a samu wanda ya yarda da karnuka ba tukuna, don haka ni ne a sitiyari. Mafarauta suka cika ƙofar gidan Baba, karnuka suna haushi ta kowane gefen raga. Baba ya fito da rigar farautarsa da ta yi masa yawa yanzu, ƙaho a wuya. Sababi ya hau, shi ma ya hau, ba wanda ya miƙa masa hannu. Ya zauna, ya kai ƙahon baki. Busar farko iska ce kawai ta fito. Ta biyu ta tashi har karnukan suka yi tsit.

Ina shirin tayar da mota sai na ga Binta a gefen tagata. Ban san ta biyo mu ba. Idonta ya yi ja. Ta miƙo mini ƙullin maganin ƙirjinsa da gorar fura, ba ta kalli bayan motar ba ko sau ɗaya.

Na ce, "Binta, ki yi haƙuri."

Ta ce, "Ba haƙuri na zo nema ba. Kai ka hau da shi, Malam. Kai za ka sauko mani da shi."